Wata huɗu a ajin Mushe, inda “kashe” hatimi ne, “rana” kuma kwaɗo

Shekara uku ke nan, a wani shinge kan hanyarmu ta zuwa Kwatano, wani mai kaki ya karɓi takardar kayana, ya juya gaba ya juya baya, sannan ya ɗago ya zuba mini magana da Faransanci. Kalma ɗaya tak kunnena ya cafke a ciki: “kashe”. Ya maimaita yana buga ƙasan takardar da ɗan yatsa, kashe, kashe. Na dubi direba, direba ya dubi ƙasa, yaron mota kuwa har ya fara salati. Sai da muka yi kusan awa biyu a gefen titi, albasa buhu 280 tana shan rana, kafin wani Bazabarme mai shayi ya ji tausayinmu ya ce hatimi ake nufi. Cachet, haka suke rubuta shi. Hatimi ɗaya ne bai hau takardar ba, kuma ɗakin da ake buga shi bai fi taku hamsin daga inda muke zaune ba.

Ni albasa nake saye da sayarwa. Ina ɗaukowa daga Wurno da Goronyo da Gada, wani lokaci har Aliero, in tara a kasuwar Ramin Kura ta Sakkwato, in loda zuwa duk inda farashi ya kira ni. Wanda ya san harkar nan ya san Hausa ba ta barin mutum ya kwana da yunwa. Ka tsallaka daga Illela zuwa Ƙonni, ka wuce Galmi, ko ka gangara Malanville har zangon Kwatano, ko'ina akwai wanda zai amsa maka sallama ya yi ciniki da kai da harshenka. Amma takarda ba ta jin Hausa. Mai kaki ma, ko yana ji, sai ya ga dama. Ko a Nijar, inda a 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, an bar Faransanci cikin harsunan aiki, kuma shi ne dai kake gani a kan fom da rasit da allon hanya.

Wani abokina mai sayar da shadda ne ya kai ni ajin koyon Faransanci da Sifaniyanci. Shago ne a wani lungu cikin Mabera, bayan wani tela: benci uku, baƙin allo, fanka ɗaya da ta fi yawan hutu a kan aiki. Litinin, Talata da Alhamis, daga bayan la'asar zuwa kiran magariba. Na biya naira dubu goma a wata, na yi wata huɗu. Mu tara ne, direbobin tirela uku, 'yan canji biyu, sauran 'yan kasuwa. Malamin mutumin Dogon Dutsi ne, ya koyar a firamare a can, sannan neman abinci ya kai shi Gini Ikwatoriya ya yi shekara tara. Yakan ce ya tafi birnin Bata amma bai ɓata ba.

Ranar farko na gaishe shi da “Malam, barka da yamma.” Ya ce, “A'a Alhaji, nan ba a ce min Malam. Mushe za ku ce.” Aji ya kece da dariya. Wani direba ya ce, “Mu nan Sakkwato mushe ai angulu ka cin shi.” Bai ji haushi ba, da gani ya saba. Ya rubuta monsieur a allo, ya ce daga nan ta fito, kuma haka yaran lakwal, wato makarantar boko, suke kiran malaminsu a Nijar. Na angulu ana jan wasalinsa na farko, nasa ba a ja. Sannan ya faɗi abin da ya zama tsarin karatun gaba ɗaya: “Kalmad da tab ba ka dariya ba ta ɓace ma.”

Gaskiya ne kuwa. Bai fara mu da harrufa ba, da kalmomin da suka yi karo da Hausa ya fara. Cadeau, wato kyauta, ana faɗinta “kado”, daidai da na cikin gulbi mai haƙora. Mushe ya ce dukansu biyu baki buɗe suke jiranka a hanya, don haka kada mu manta. Yara za su biyo mota suna “kado, kado”, wani babba ma zai faɗe ta a hankali yana kallon gefe. Sai kalmar kek, gâteau. Yadda ake furta ta ba zan rubuta a nan ba, duk Basakkwace ya san ba a faɗinta gaban surukai. Da Mushe ya ƙara da cewa da Sifaniyanci wannan sautin dai shi ne sunan kyanwa, wani dattijo ɗan canji ya tashi ya ce zai je ya sake alwala.

Inda kuɗina ya fita kuwa shi ne ƙidaya, kuma nan ne Mushe ya fi ƙwarewa. Faransawa suna tafiya lafiya har sittin da tara, daga nan sai lissafi ya rikice. Saba'in a wurinsu soixante-dix, sittin da goma. Tamanin quatre-vingts, ashirin huɗu. 99 kuwa quatre-vingt-dix-neuf, wato ashirin huɗu da goma da tara. Ya ce a Beljiyam da Suwizalan sun huta da rabin wahalar, suna cewa septante da nonante, amma mu ba can za mu kai albasa ba. Da muka fara yi wa Faransawa tsiya sai ya tare mu. Ya ce kakanninmu ma da hauya suke ƙirga wuri, ashirin ashirin, kuma har gobe a kasuwar Ƙonni in mace ta ce maka dala ɗari, sefa 500 take nufi, don dala ɗaya sefa biyar ce, jika guda kuma sefa dubu. Mutumin da yake ninka komai sau biyar a kansa kafin ya zaro kuɗi ba shi da bakin yi wa mai ashirin huɗu dariya.

Tarkon da ya fi tsorata ni shi ne cinq mille da cent mille. Na farko dubu biyar, na biyu dubu ɗari, amma in mai saurin baki ya faɗe su ta hanci, kunnen Bahaushe “san mil” yake ji a duka biyun. Haka deux da douze, biyu da sha biyu, haka six da seize, shida da sha shida. Mushe yakan tsaya a bakin ƙofa ya zama ɗan kamasho, ya riƙa jefo mana farashi da gudu, wanda ya kuskure ya sayi ruwan leda na aji. Ni na saya sau biyar. Maganin da ya ba mu kalma ɗaya ce, écrivez, “ekribe”, rubuta. Ka miƙa masa wayarka ya danna lambar da hannunsa. Tun da na riƙe wannan ban sake musu da kowa a kan sifili ba. Sauran kalmomin ciniki a mako ɗaya muka haɗiye su: combien, nawa, c'est cher, ya yi tsada, dernier prix, farashin ƙarshe, da monnaie, wadda canji take nufi, kuma za ka ji “babu ita” a kowane shago in ka miƙa takardar dubu goma.

Direbobin cikinmu sun fi ni cin ribar darasin mai. Da Faransanci fetur essence ne, “esans”. Abin da suke kira pétrole kananzir ne na fitila da risho, dizal kuma gasoil. Ɗaya daga cikinsu ya ba mu labarin yadda ya taɓa tura yaronsa da jarka ya sayo wa janareto “fetur” a wani ƙauye, yaro ya faɗe ta da Turancin da ya iya, aka cika masa kananzir. In mota ta lalace, en panne, “am fan”, kalmar da mutanen Nijar suka riga suka mayar tasu.

Sai abinci, wanda ga Musulmi ba abin wasa ba ne ko da an koyar da shi cikin raha. Kifi poisson, guba poison. Na kifi yana da sautin “s”, na guba “z”, don haka mai tsamin baki ya nuna da hannu kawai. Alade ba suna ɗaya gare shi ba, kuma nan mutane suke faɗawa. Ka san porc, ka san cochon, sai ka ga jambon ko lardons a jikin burodi ka ɗauka wani abu ne daban, alhali duk shi ne. Da Sifaniyanci cerdo, jamón, tocino, chorizo, kuma manteca sau da yawa kitsensa ne. Kalmar da za ka riƙe ita ce “ban da”: sans a Faransanci, sin a Sifaniyanci. Sans porc, sans alcool. Sin cerdo, sin alcohol. Ya koya mana tambayar masallaci, où est la mosquée da dónde está la mezquita, ya kuma koya mana sunan buta, bouilloire, “buywar”, abin da na tabbata babu manhajar waya da za ta tuna da shi. Ɗana ya taɓa sa mini wata a waya, na yi mako biyu ina koyon cewa kyanwa tana shan madara.

Abin da ya fi kwanta mini a rai shi ne gano cewa Faransancin yankinmu Hausa ce sanye da kwat. In ka sauka daga mota za a ce maka bonne arrivée, sannu da zuwa ke nan kai tsaye. A Nijar mutum zai ce ça va, ya bi da et la famille, et le travail, et la fatigue: ina iyali, ina aiki, ina gajiya. In ka yi tuntuɓe sai ka ji doucement, “dusma”, asalinta “a hankali”, amma a wurin sannu aka ajiye ta. Wanda na fi so shi ne j'arrive. Ma'anarta “ina isowa”, amma mutum yana faɗinta ne daidai lokacin da ya juya maka baya zai tafi, kamar yadda mu ma muke cewa “ina zuwa” mu ɓace har la'asar. Mushe ya ce Bafaranshen Paris in ka tambaye shi gajiya zai zaci ka ga alamar ciwo a fuskarsa. Ni dai ba Paris za ni ba.

Akwai kalmomi uku da ya sa muka rubuta da jan biro. Je ne comprends pas, ban gane ba, ya ce babba ba ya jin kunyarta. Lu et approuvé, “na karanta na amince”, wadda ake sa mutum ya rubuta a saman sa hannunsa a takardar yarjejeniya. Ya ce duk wanda ya rubuta ta a kan abin da bai karanta ba ya sayar da gonarsa da bakinsa. Ta uku reçu, “rasu”, rasit. Kowa ka ba kuɗi a hanya, ka fara da bonjour chef, ka ƙare da le reçu, s'il vous plaît, da fara'a, ba da faɗa ba. Na gwada. Ba kullum take aiki ba, amma sau biyu na ga adadin da aka ambata ya ragu da kansa.

Sifaniyanci gyara ne a ajin, rabin awar ƙarshe ta ranar Alhamis, kuma rabin aji sukan sulale. Ni na zauna don ɗan yayana yana kasuwanci a Kye-Ossi, can kudancin Kamaru inda iyakarta ta haɗu da ta Gabon da Gini Ikwatoriya, kuma ya daɗe yana cewa in kawo kaya. Gini Ikwatoriya ta sami 'yanci daga Sifaniya a 1968, kuma Sifaniyanci ne harshen makaranta da ofis a can har yau.

Wannan rabin awar ta fi kowane lokaci daɗi, don Sifaniyanci kamar da gangan yake tsokanar Bahaushe. Wasulansu biyar ne irin namu, yadda ka gani haka za ka faɗa. Rana a wurinsu kwaɗo ne. Boca, “boka”, baki ne, Mushe ya ce ai dama jarin boka ke nan. Cura, “kura”, limamin coci. Cama, “kama”, gado. Casa, “kasa”, gida. Baba kuwa yawu ne mai dalala, abin da na ƙi gaya wa 'ya'yana. Masa ita kaɗai ta yi mana adalci, don kwaɓaɓɓen gari take nufi, saura kasko da mai ta zama tamu. Akwai wani Bafulatani mai shanu a cikinmu, ranar da aka zo kan fulano ya miƙe tsaye ya ce ashe har Turai an san su. Sai Mushe ya ce masa “wane” take nufi, daga fulan na Larabci. Ya zauna yana cewa duk da haka dai.

Daga nan ne hira ta shiga Andalus. Musulmi sun tsallaka can a shekarar 711 ƙarƙashin Ɗariƙu bin Ziyad, wanda dutsen Jibralta yake ɗauke da sunansa, kuma mulkinsu na ƙarshe a Garnaɗa bai faɗi ba sai 1492. Ƙurɗuba da ake jingina Imamu Ƙurɗubi gare ta ita ce Córdoba ta yau. Shi ya sa wanda ya yi zaure yake jin ƙanshin gida a harshen. Shugaban gari alcalde ne, daga alƙali. Sukari azúcar, mai aceite daga az-zait na Larabci, kofin shayi taza, 'yar'uwar tasar da ke ɗakin kowace tsohuwa. Hasta, da ake faɗi “asta” don ba sa furta h, ita ce hatta. Kwastan aduana, Faransawa su ce douane, mutanen Nijar su ce duwan, duk daga diwani. Sai ojalá, “ohala”, da suke faɗi in suna fatan abu, wadda sunan Allah ne a ƙarshenta. Mushe ya ce ya sha jin ta a bakin mutanen da ba su san abin da suke ambata ba. Akwai kuma madrugar, sammako, su ma kalma ɗaya suka ware masa, da siesta wadda ƙailula ce, da sobremesa, hirar da ake yi bayan an cinye abinci ba a tashi ba. Mañana kuwa safiya ce kuma gobe ce, har gobe da safe ta zama mañana por la mañana. Ya gargaɗe mu cewa wanda kake bi bashi in ya ce mañana, kada ka sammaka.

Bayan ƙaramar salla na kai mota ɗaya Kye-Ossi. Abu na farko da na gode wa Mushe a kai ba kalma ba ce: ya riga ya gaya mana sefa biyu ce. Ta yamma da ta tsakiyar Afirka darajarsu ɗaya, kusan 656 a yuro guda, amma takardunsu daban, kuma ta Ƙonni ba ta sayen ko ruwa a Kamaru sai ka canza. A kasuwa wata mata 'yar Gini ta kwance bakin buhu, ta ji farashi, ta ce wa abokiyarta “muy cara”. Kara! Na tuna, tsada ke nan, kuma fuska ma haka ake ce mata. Na ce, “No es cara, señora, es buena.” Ta zaro ido ta fashe da dariya, ta sako mini magana kamar ruwan Agusta. Na ce no entiendo, na miƙa mata waya. Ta ɗauki buhu goma sha biyu na cebolla, “seboya”. Iyakar Sifaniyancina ke nan, kuma iyakar abin da ajin zai ba ka ke nan.

To, ga inda ajin ya gaza. Babba a ciki shi ne rubutu. Mushe yana sa mu rubuta yawancin kalmomi yadda kunne ya ji su da Hausa, sai jefi-jefi yake nuna ainihin rubutunsu. Waɗanda na kawo a nan ma sai da na koma na sa ya rubuta mini su ɗaya bayan ɗaya. Sakamakon haka baki ya buɗe, ido bai buɗe ba. Faransanci kuwa harshe ne da ake rubuta harafi uku a furta ɗaya: ruwa eau ne, a ce “o”. Na tsaya gaban wani allo a Parakou ta ƙasar Benin ina kallon beaucoup kamar baƙo, alhali “boku” ce da nake faɗa kullum. Mutumin da takarda ce ta kawo shi aji, wannan ba ƙaramin giɓi ba ne. Na biyu lokaci. Yakan ce j'arrive ya fita amsa waya, mu yi minti ashirin muna fifita da littafi. In kuma wani ya taɓo zancen juyin mulkin 2023 da rufe iyaka da ficewar Nijar daga ECOWAS, to karatun ranar ya tafi. Na uku, babu wurin mata. Matar ƙanena tana sarin atamfa a Kwatano, ta fi ni bukatar ajin. Ya yi alkawarin buɗe musu na safiyar Asabar tun ina wata na biyu, har na gama shiru. Zafi kuma, wanda zai shiga ya guji Afrilu da Mayu, shagon kwano ne babu silin.

Ɗalibi mai neman takardar shaida ko mai shirin jarrabawa, wannan ba wurinsa ba ne, ya nemi sashen Faransanci na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko ƙauyen Faransanci na Badagry. Amma direba, ɗan canji, mai shanu, mai kai kaya ƙetare, wata uku sun ishe shi ya daina zama kurma a shinge, kuma kuɗin bai kai asarar buhu ɗaya da rana ta dafa ba. In ana ba da maki, bakwai cikin goma zan ba shi. Ka zo da littafinka da mafici, ka kuma nace tun ranar farko ya riƙa rubuta maka kowace kalma yadda masu ita suke rubuta ta.

Ranar da na biya kuɗin wata na huɗu, na ƙirga masa dubu goma a hannu, na gyara tsayuwa na ce, “Le reçu, s'il vous plaît, Mushe.” Tun da na fara bai taɓa ba kowa rasit ba. Ya ninke kuɗin ya sa a aljihu, ya yaba mini yadda na furta, ya ce, “Mañana, Alhaji.”